Ƙafata da Fadamar Sahabi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya bar ni da rai har na ga ranar da zan tona wa kaina asiri a takarda. Sunana Labbo, mai faci ne ni a bakin tashar Gummi, ko in ce na taɓa zama. Boko ban yi ba, sai ɗan abin da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, inda malamin ya kore ni sau biyu saboda ba'a. Wanda ya ga rubutun ya karkace ya yi haƙuri, mai shi ma a karkace yake tafiya yanzu.

Mutane da yawa sun ji labarin jinyata daga bakina a teburin mai shayi, sun yi dariya har da hawaye, don na iya ba da shi. Wancan na nishaɗi ne. Wannan shi ne na gaskiya, kuma abu biyu ke cikinsa: ƙafata ta dama da ta karye, da fadamar wani bawan Allah mai suna Sahabi, wadda aka kai bakin ciniki don a gyara ƙafar.

Sahabi ɗan abokina ne, marigayi Nomau, wanda muka yi yarinta tare. A hannuna aka yi masa kaciya. Ya girma ya zama direba, yana tuƙa roka, babbar motar kaya, ta wani ɗan kasuwa, Alhaji Ummaru, yana kai shinkafa daga Gummi zuwa Gusau. Abin da ubansa ya bar masa ɗaya ne, fadama a gefen gulbi, shinkafa da damina, albasa da rani. Daga nan Innarsa da ƙannensa mata suke ci.

Saura mako guda babbar Sallah, ana tsakiyar bazara, Sahabi ya zo rumfata ya durƙusa ya gaishe ni, ya miƙo kuɗi a ƙunshe.

"Baba Labbo, Alhaji ya ba da na taya. Ta gaba, ta hannun dama, ta gaji. Ka samo muna 'yar Kwatano mai kyau, ni ban yarda da kowa ba sai kai."

Na ce ya je, gobe da safe ya ishe ta a ɗaure.

Akwai wata dabara a sana'armu da ba mu faɗa wa masu mota. In taya ta suɗe, haƙoranta sun cinye, sai a lanƙwasa bakin wuƙa, a sa ta a garwashi ta yi ja, a bi tsohon zanen ana yanka sabo. In an gama a shafe ta da baƙin mai, a goge da tsumma. Wanda bai duƙa ya duba ba zai rantse jiya ta sauka daga jirgi. Amma naman da aka yanke, shi ne ƙarfinta. Maigidan da ya koya mini aiki ya ce yankakkiyar taya ta amalanke ce, in abu ya yi tsanani a sa ta baya inda take da 'yar'uwa kusa da za ta riƙe ta. Gaba kuwa har abada. Shekara talatin ina riƙe da wannan magana, rago ya raba ni da ita. Maƙwabcina ya ɗaure wani ƙaton rago a ƙofar gida, kullum sai ya yi mini kuka a kunne, ni kuwa ko akuya ban aje ba. Na mirgina wata tsohuwar taya zuwa bayan gidana don kada 'yan tasha su gani, na yanka ta, na ɗaura wa Sahabi, na sayi ragon da ya fi na maƙwabcin tsawon ƙaho. Sahabi direba ne, da ya duƙa da ya gane. Amma wa ke duba aikin abokin ubansa? Ya buga ta da ƙafa sau ɗaya ya ce Allah ya saka.

Na ce wa raina, tafiya biyu ko uku za ta yi, bayan Sallah in samu kuɗi in canza ta, in ce na ga wadda ta fi.

Kwana uku bayan haka aka yi rasuwa a dangin matata a Anka. Na sa babbar rigata na tsaya bakin hanya ina jiran bas. Sai ga roka ta taho, an labta mata shinkafa har ta wuce bodi. Ta tsaya gabana, Sahabi ya leƙo.

"Baba Labbo, ina zuwa da wagga rana?"

"Anka. Wuce abinka, bas nika jira."

"Haba Baba! Ina kan hanya ka biya kuɗin bas? Mi mutane za su ce?"

Na ce bayana ba ya son roka. Ya ce kujerar gaba sabon soso gare ta. Na ce ina jiran wani. Ya ce zai jira shi tare da ni. 'Yan tasha sun fara kallonmu. To ku gaya mini, mai faci ya ƙi hawan motar da ya ɗaura wa taya shekaranjiya, me ya faɗa ke nan? Sahabi ya sauko da wani fasinja daga gaba ya tura shi saman kaya, ya kama hannuna ya zaunar da ni bakin ƙofa, hannun dama. Wato daidai kanta.

Ban taɓa yin salati irin na ranar ba. Sahabi yana ba ni labarin albasarsa, ni kunnena na ƙasa ina sauraron tayar. Kwalta ta yi zafi kamar kasko. Sau biyu na ce ya tsaya in yi fitsari don dai ta huce, har ya ce, "Baba, ko dai ciwon suga ne?" Mun bar ƙasar Bukkuyum mun kama gangara, sai na ji ta. Kamar an harba bindiga a cikin kunnena. Motar ta yi dama, Sahabi yana kokawa da sitiyari yana kiran sunan Allah, muka gangara rami, ta kwanta ta gefena.

Na saman kaya Allah ya kiyaye su, buhuna suka faɗa kai, sai ƙujewa. Sahabi goshi ya tsage. Ni kuwa da aka jawo ni, na ga ƙashin ƙwaurina ya fito ta cikin wando, fari, da ƙasa a jikinsa. Na tuna abin da na fara faɗa: a cire mini babbar riga kada ta ɓaci.

Makon farko rabinsa a hanya ya ƙare. Asibitin da ya fi kusa suka wanke raunin, suka ɗaure ƙafar da katako, suka ce ba su da injin hoto, a wuce da ni birni. A bayan akori-kura aka kwantar da ni kan katifa, matata Kulu tana riƙe da ƙafar, duk ramin da muka faɗa sai na zagi wanda ya haƙa shi. A babban asibiti muka ishe layin hoto ya zagaye baranda, kuma ba wuta. Kwana biyu muna jira. Komai sai an saya a waje: auduga, allura, ruwan ƙari, har safar da za a taɓa ka da ita. Kulu ta koyi sunayen magunguna kafin ni. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke yi mana tsawa kamar mun ci mata bashi, amma ita ce ke zuwa ta juya ni don kada bayana ya yi gyambo, Allah ya ba ta Aljanna da tsawarta. Likitan matashi ne, na haife shi. Ya ɗaga hoton ya duba, ya ce, "Baba, karayar ba ta ba ni tsoro. Ƙasar da ƙashin ya sha, ita nake tsoro." Maganar nan ta zauna mini.

Duk wannan mako Alhaji Ummaru ne ke aiko da kuɗi, don a motarsa na karye. Sallah a gado ta ishe ni, naman ragona a soye aka kawo mini shi cikin kwano. Zazzaɓi bai bar ni na ci ba, 'yan ɗakin suka cinye suna yaba kitsensa.

Mako na biyu sai ga baƙi. Sarkin Tasha na Gummi, da Alhaji Ummaru, da Sahabi a bayansu da filasta a goshi. Mu a wurinmu maganar mota ba ta zuwa kotu in dai ba a rasa rai ba. Tasha ke zama ta duba wanda laifi ya hau, shi zai ɗauki jinya da diyya. Bayan gaisuwa Sarkin Tasha ya gyara zama a bakin gadona.

"Labbo, an ɗauko tayar, mun duba. Yankakkiya ce. Alhaji ya ce kuɗin mai kyau ya ba Sahabi, cif. Sahabi ya ce kai ya ba. Ni ko na ce musu, Labbo shaƙiyyi ne amma ba mahaukaci ba. Wa zai yanka taya da hannunshi, ya kuma hau ya zauna bisa kanta?"

Duk ɗakin aka yi dariya, har na gadon kusa da ni mai karyayyen haƙarƙari, yana dariya yana kuka. Ashe hawan da na yi don kunya shi ya zama shaidata.

"Munka ce dai mu ji daga bakinka," in ji shi.

A ranar ƙafar ta fara wari. Da safe na ji likita yana gaya wa Kulu in ba a yi aiki ba za a iya rasa ta. Na san in na faɗi gaskiya, Alhaji zai naɗe hannunsa ya fita, kuma da gaskiyarsa. Ban kawo wannan don a yi mini uzuri ba, na kawo don a san farashin da na sayar da kaina. Na yi nishi mai tsawo, wanda rabinsa na gaske ne, na ce:

"Ni dai abin da anka kawo mini, shi na ɗaura."

Alhaji ya juya. "Ka ji ko?"

Sahabi ya dube ni sau ɗaya. Ba harara, kallo kawai. Sannan ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Na ji, Alhaji."

Yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya ƙaryata sa'an ubansa gaban mutane. Na san haka, kuma a kan haka na jingina.

Mako na uku ƙafar ta kumbura ta yi sheƙi, mugunya na fita, zazzaɓi ya sa ina ganin kaji a silin. Aka ce za a shiga da ni a kankare ƙashin a sa ƙarfe, amma sai an tanadi jini. Ranar na san dangina. Wani ya ce yana azumin nafila. Wani ya ce basir ya shanye masa jini tun bara. Ɗan ƙanena ya fita sayo ruwa, sai bayan wata guda na sake ganinsa. Na Kulu bai dace ba. Jinin sayarwa kuwa kuɗinsa ya kai na buhun gero biyu. Da na farfaɗo daga aiki na ga leda a rataye tana ɗiga cikin hannuna, na tambayi Kulu na wane ne. Ta ce, "Na Sahabi." Ta ci gaba da fifita ni. Na juya fuskata bango. Mutum ya iya mayar da kuɗi, jini fa?

Kuɗi dai suna ta zuwa, kuma na bar raina a kan cewa na Alhaji ne. Nakan ce, mai roka uku, me zai ji? Har kaza na sa aka dafa mini, don likita ya ce in ci mai kyau. Wani mai kwanciya kusa da ni, tsohon ma'aikaci, ya ce ai kowace mota tana da inshora, su ya kamata su biya. Na yi murna, na aika a tambayi Alhaji. Amsar da ta dawo ita ce takardar tana nan, ta nunawa a shingen hanya ce, an je ofishin da ke rubuce a jiki an ishe mai sayar da katifa. Duk mai hawan babbar mota ya san wannan tun kafin ya hau.

A mako na huɗu yayata Ige ta zo daga ƙauye da fura da baki. Ita ta fasa mini ƙwan, tana murna.

"Ai yaron nan ya ga ta kanshi. Alhaji ya karɓe makulli. Tasha ta ce Alhaji ya ji da motarshi da shinkafarshi, jinyarka kuwa Sahabi, tunda shi ya ci kuɗin taya. In ka tashi da nakasa kuma ya biya diyya. Ya jinginar da fadamar Nomau. Maganin ɓarawo ke nan!"

"Yaya, tun yaushe?"

"Tun ranar da sunka zo nan. Mi kake ci in ba ita ba?"

Kazar tana cikina a lokacin.

Yaya Ige ba ta yarda da asibiti ba. Kullum sai ta ce likitoci yanka suka sani, ƙashi na maɗori ne. A mako na biyar ta shigo da wani tsoho cikin masu dubiya, da 'yar jakarsa ta fata a hammata, ta ja labule. Shahararren maɗori ne daga wajen Bukkuyum, an ce har ƙafar doki yana ɗorawa. Ta riga ta ba shi kuɗin mota da alkawarin tunkiya. Ya buɗe ƙafar, ya duba ƙarfen, ya sunsuna raunin, ya mayar da zanen.

"Wagga ba tawa ba ce. Karaya mai rufi ita nika ɗori. Mai buɗaɗɗen rauni ta likita ce, in na taɓa ta na cuce shi."

Yaya ta ce a ƙara masa. Ya ce ko saniya ce. Ya yi mini addu'a ya ɗauki jakarsa. Yaya ta bi shi da zagi har baranda, ni kuwa na kwanta ina kallon silin. Ga mai sana'ar hannu irina, tunkiya a gabansa, ya ce wannan ba ta gaba ba ce.

Sahabi bai daina zuwa ba. Ya koma dako a tasha, yana ɗaukar buhunan da da yake tuƙawa, kuma duk mako sai ya nemi mota ya zo. Shi ke ɗaga ni a canza zanen gado, don Kulu ba ta iyawa. Shi ya yi mini aski. Wata rana yana yanke mini farce, Kulu ta fita wanki, na tattaro ƙarfin hali.

"Sahabi, maganar tayar nan…"

"Baba, ka warke tukuna."

Bai ɗago ba. Wani mai kunya da ya ji haka sai ya fashe da kuka ya faɗi komai. Ni sai na karɓe ta a matsayin izini. Na ce wa raina, ai shi ya ce in warke tukuna.

Mako na shida zuwa na tara ba abin faɗi sai wankin rauni, wanda ban yi wa maƙiyi fatansa ba. Kowace safiya a cusa auduga a jawo, ina ihu ina kiran Innata da ta shekara ashirin a ƙasa. Warin ya ragu, naman ya fara ja. Na dawo da halina, na zama sarkin ɗaki, ina kwaikwayon tafiyar likitoci daga kwance, ina raɗa wa kowa suna. Dariya tana da amfani ga mai laifi, tana hana a dube shi da kyau. Aka fara tsayar da ni da sanduna. Ranar farko na faɗi kan ma'aikaciyar nan mai tsawa, ta ce in na sake sai ta karya ɗayar.

A mako na goma aka sallame ni. Likita ya auna ya ce ta dama ta gaza ta hagu da yatsa biyu, kuma haka za ta zauna. Na gode masa, kuma har yau ina gode masa, don ƙafar da aka ce za a yanke ga ta ina sa mata takalmi.

Na dawo Gummi ruwan farko ya sauka. Gidana ya cika da 'yan sannu, kowa na tsine wa direbobin zamani. Sarkin Tasha ya aiko cewa tunda nakasa ta tabbata, an yanke diyya, za a miƙa mini nan da mako uku a gaban shaidu. Kuɗin jingina sun ƙare a asibiti, don haka Sahabi zai sayar da fadamar gaba ɗaya ga wanda ke riƙe da ita, ya biya ni da cikon.

Mako uku. Ku riƙe wannan, don a nan ne babban laifina yake, ba a wuƙa ba. Jingina ana fansa. Da na yi magana a cikin kwanakin nan, da fadama ta tsaya.

Na yi niyya, wallahi na yi. Makon farko na ce sai na ƙara ƙarfi. Na biyu na dogara sanduna har tasha, na ishe an taru wurin mai shayi, aka yi mini kujera, aka ce in ba da labarin hatsari. Na ba da shi har da kukan tayar da yadda na ce a ceci rigata. Aka yi dariya, aka saya mini shayi da burodi, na dawo gida. Na uku na ce ciwon kai.

Ranar da za a miƙa kuɗin, da hantsi, na ce Kulu ta ɗauko mini rigar fita. Ta ɗauko ta ajiye, ta tsaya. Shekara talatin da biyar muna tare, ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba, ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Malam, kuɗin nan ba za su kwana gidan da nike ba."

"Wane irin zance ne wanga?"

"Ni na hura maka garwashin. Ka manta? Ka ce wuƙar yankan takalmi za ka gasa."

Na rasa inda zan sa idona.

"Na yi shiru a asibiti don ƙafarka, kuma Allah zai tambaye ni. Yanzu ƙafa ta taka ƙasa. Shirun mi ya rage?"

Na ce ta miƙo mini wuƙar, tana cikin rufin ɗaki inda na soke ta.

A rumfar Sarkin Tasha an shimfiɗa tabarmi. Alhaji Ummaru na nan, da limamin tasha, da direbobi, da Sahabi a gefe ya rame, kuɗin a baƙar leda a gabansa. Aka yi addu'a. Sarkin Tasha ya ɗauki ledar zai miƙo mini. Na ce a dakata. Na miƙe kan sanduna na ce:

"Jama'a, Sahabi bai ci kuɗin kowa ba. Ni ya ba, cif. Ni na yanka tayar, na sayi rago."

Sai wani direba ya tuntsire da dariya, saura suka bi. Sarkin Tasha yana share ido ya ce, "Kai Labbo, ko a makabarta sai ka yi abinka. Zauna ka karɓi haƙƙinka." Wannan shi ne ladan mai ba'a: ranar da ya faɗi gaskiya ba mai saye. Na rantse, aka ƙara dariya. Sai da na ce a mirgino gawar tayar, tana nan yashe bayan rumfa. Na fito da wuƙar na sa bakinta cikin zanen, ta zauna daram. Na nuna musu inda hannuna ke karkata a kowace kwana, wanda duk wanda na taɓa yi wa tayar amalanke ya sani.

Dariya ta mutu. Na fi son ta da abin da ya biyo baya. Alhaji Ummaru ya tofar da yawu gefe ya ce, "Da furfurarka." Liman yana ta istigifari kamar shi ya yi. Sarkin Tasha ya dube ni ya ce, "Ni ka sa na yanke hukuncin zalunci da bakina, Labbo." Sai sanda ɗaya ta zame mini. Wanda ya taso ya riƙe ni Sahabi ne.

"Baba, zauna. Ƙafarka."

Na ce a mayar wa mai saye kuɗinsa yanzu-yanzu, a karɓo fadama. Sai Sarkin Tasha ya ce shekaranjiya aka ƙulla cinikin, gaban mai unguwa da shaidu, an sa hannu. Muka tafi wurin mutumin, ni da Sarkin Tasha da liman. Ya karɓe mu da mutunci, ya ba mu ruwa, ya ce shi bai cuci kowa ba, ya saya da halalinsa, ya riga ya yi huɗa ya zuba iri. Na roƙe shi har na ajiye sanduna na zauna a ƙasa. Ya ce ko ninki aka ba shi ba ya sayarwa, fadama bakin gulbi ba kullum ake samu ba. Ban ga laifinsa ba. Kwana biyu kacal na makara, bayan na yi wata uku ina da baki.

Ledar aka mayar wa Sahabi. Alhaji bai mayar da shi aiki ba, ya ce sabon direban ma yana da iyali, kuma ban ji ya ce masa yi haƙuri ba. Tasha ta hana ni taɓa tayar kowace mota, kuma daidai ne. Na je gaban Innar Sahabi na durƙusa da ƙafa ɗaya. Ba ta zage ni ba. Ta ce, "Nomau ya ce in ya mutu kai ne uban ɗiyanshi." Ta shige ɗaki.

To ga abin da nake so a ɗauka. Mai faci, abin da ka san ba na gaba ba ne kada ka kai shi gaba, ko ragon duniya ne ke kuka. Direba, duƙa ka duba, ko ubanka ne ya ɗaura. Masu zaman sulhu, kada ku ce wane ba zai yi ba don ya hau motar, kunya tana sa mutum ya hau abin da ya fi haka. Kai kuma da ke kwance ana kawo maka kuɗin jinya, tambayi daga aljihun wa suka fito kafin ka sa a yanka kaza.

Abin da na mallaka gona ɗaya ce ta tudu, jigawa, gero kawai take yi, shi ma sai damina ta yi kirki. Na kira shaidu na ba Sahabi. Ya ƙi, sai da Sarkin Tasha ya ce umarni ne. Ba ta kai rabin fadamar ba, ba shinkafa, ba albasa, da rani ƙannensa sai surfe a gidajen mutane. Yana nomanta yanzu shekara shida. Kuma duk kaka, in ya yi girbi, sai ya aiko mini da dami ɗaya, wai na Baba. Kulu ta sussuka ta daka ta yi tuwo ta ajiye gabana. Ban taɓa samun fuskar mayarwa ba, kuma yunwa ba ta bar ni na ƙi ci ba. Ina ci. Allah ya sani, ƙasar da ƙashina ya sha ta fi shi sauƙin haɗiya.